Imel, daidaita na'urori da masaukin shafi a kuɗi ɗaya: yaya ake gane ko ya cancanci a biya?

Tambaya: Na daɗe ina amfani da imel na kyauta. Yanzu na ga kamfanonin da ke haɗa abu uku a kuɗin shekara ɗaya: adireshin imel, daidaita kalanda da lambobin mutane da fayiloli tsakanin waya da kwamfuta, da kuma wurin ɗora ƙaramin shafin intanet na kaina. Me zan duba kafin in biya?

Amsa: Malam, ka fara da ƙofar fita. Yawan gigabait da adadin adireshin da za ka iya buɗewa abubuwa ne da kusan kowane kamfani ke bayarwa a wadace yanzu, don haka ba su ne za su bambanta maka mai kyau da maras kyau ba. Abin tambaya shi ne ranar da ka so tashi, ko ranar da su suka rufe, me za ka iya kwashewa ka tafi da shi, kuma a wace siffa.

An taɓa ganin haka. Kamfanin Apple ya fara irin wannan haɗin a shekarar 2000 da sunan iTools, kyauta. A 2002 ya koma na kuɗi da sunan .Mac, a 2008 ya zama MobileMe, sannan aka rufe shi ranar 30 ga Yuni, 2012. Imel da kalanda da lambobin mutane sun tsallaka zuwa iCloud, hidimar da ta gaje shi, lafiya, amma masaukin shafi na iWeb da rumbun fayiloli na iDisk da shafin hotuna ba su tsallaka ba. Duk wanda shafinsa ke ƙarƙashin adireshin kamfanin, adireshin ya mutu, kuma duk wata mahaɗa da mutane suka yi zuwa shafin ta mutu tare da shi. Wanda ya ɗaura nasa sunan yankin, wato adireshin intanet na kansa irin sunanka.com, a kan shafin kuwa, sai ya kwashi fayilolinsa ya kai wani masauki, baƙinsa ba su ma lura an yi ƙaura ba. Haka Yahoo ya rufe masaukin shafukansa na GeoCities a Oktoban 2009. Kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka sharaɗi na farko, wanda idan hidimar ta gaza cika shi ba sai ka ci gaba da bincike ba: ta yarda ka yi amfani da sunan yanki naka na kanka, wato abin da ke bayan alamar @, ga imel da shafi duka. Kuma ka sayi sunan a wurin mai rajista daban, wato kamfanin da ke sayar da sunayen yanki, da sunanka, ba ta hannun kamfanin da zai ba ka imel ba. Wasu kamfanonin kan ce sunan yanki kyauta ne a shekarar farko. Idan za ka karɓa, ka tabbatar kai aka rubuta a matsayin mai shi, kana iya shiga ka canza bayanan DNS da hannunka, wato bayanan da ke nuna inda imel da shafin sunan suke, kuma za su ba ka lambar izinin canja mai rajista duk lokacin da ka nema. Ka sani cewa sunaye irin su .com ba a iya mayar da su wani mai rajista sai bayan kwana 60 da saye. Wani tarko da mutane da yawa ke faɗawa: adireshin imel da ka ba mai rajistar kada ya zama na wannan sunan yankin. Idan rajista ta ƙare, imel ɗin ya tsaya, kuma saƙon da zai ba ka damar sake kalmar sirri don ka biya zai tafi akwatin da ya riga ya mutu.

Sai imel ɗin kansa, wanda shi ne ya fi nauyi a cikin ukun, domin duk sauran asusunka na intanet a kansa suke rataye.

Ka nemi shafin da suka rubuta yadda ake saita akwatin a wata manhaja. Kana son ganin IMAP, hanyar karɓo saƙo, a ƙofa mai lamba 993, da SMTP, hanyar aika saƙo, a 465 ko 587. IMAP na barin saƙonni a sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsa, kowace na'ura tana ganin abu ɗaya: ka karanta a waya, kwamfuta ma ta nuna an karanta. Tsohon tsarin POP sauke saƙo yake yi zuwa na'ura ɗaya, kuma idan ba a saita shi da kyau ba yana goge shi daga saba, sai ka duba waya ka ga akwati wayam. Amfanin IMAP mafi girma ga mai tunanin fita shi ne da shi za ka kwafe dukan saƙonninka na shekaru zuwa wani wuri ba tare da neman izinin kowa ba. Akwai kamfanonin da ke kulle saƙo ta yadda su kansu ba sa iya karantawa, kuma wannan na zuwa da sadaukarwa. Proton Mail, alal misali, ba ya ba da IMAP kai tsaye, sai ka girka ƙaramar manhajarsa mai suna Bridge a kwamfuta, kuma a waya sai da tasa manhajar. Ba aibi ba ne, amma ka san abin da ka zaɓa. Kuma kullewar tana aiki da kanta ne tsakanin masu amfani da kamfanin ɗaya. Saƙon da ka aika wa mai Gmail ta hanyar da aka saba, yana zaune a akwatinsa kamar kowane saƙo.

Abin da talla ba ta faɗa, kuma shi ne ke sa mutane nadama, shi ne isar saƙo. Karɓar imel abu ne mai sauƙi. Sa manyan kamfanoni su yarda da saƙonka su kai shi akwatin mutum maimakon foldar Spam shi ne aikin. Bayanai huɗu za ka rubuta a DNS na sunan yankinka, kuma hidima mai kyau za ta ba ka su a shirye ka kwafa. MX yana gaya wa duniya sabar da ke karɓar saƙonninka. SPF layi ɗaya ne da ke farawa da v=spf1, yana lissafa sabobin da ka yarda su aika saƙo da sunanka. DKIM sa hannu ne na lambobi da saba ke maƙala wa kowane saƙo. DMARC kuma yana gaya wa mai karɓa abin da zai yi idan waɗancan biyun suka gaza. Tun Fabrairun 2024, Gmail da Yahoo suka tsaurara: duk mai aiko musu da saƙo sai ya kasance da SPF ko DKIM, masu aika da yawa kuma sai sun haɗa duka uku.

Kurakuran da ake yi a nan sanannu ne. Mutum ya riga yana da layin SPF daga wani tsohon kamfani, sai ya ƙara na biyu maimakon ya haɗe su. Ƙa'ida ta ce layi ɗaya kawai, idan suka zama biyu duka sun lalace. Ko ya yi ta cusa kamfanoni cikin layin har binciken DNS da ake buƙata ya wuce goma, wanda shi ne iyaka. Ko kuma ya sa DMARC a kan p=reject, wato a ƙi duk saƙon da ya gaza, tun ranar farko, alhali akwatin "tuntuɓe ni" da ke shafinsa yana aika saƙo daga wata sabar da bai lissafa ba, sai saƙonnin su riƙa ɓacewa bai sani ba. Ka fara da p=none, wato a sa ido kawai, ka bar shi 'yan makonni, sannan ka matse. Ka kuma tambaya ko sa hannun DKIM da sunan yankinka ake yi ko da na kamfanin, domin na kamfanin ba ya wadatar da DMARC. Gwajin ba ya cin minti biyar: aika saƙo zuwa wani akwatin Gmail, buɗe shi a kwamfuta, zaɓi nuna asalin saƙo daga jerin da ke gefensa. A sama za ka ga SPF, DKIM, DMARC, kowanne da hukuncinsa. PASS uku kake nema. Ka maimaita da akwatin Outlook.

Ƙananan abubuwa biyu game da girma. Iyakar saƙo da aka rubuta ba ita ce girman fayil ɗin da za ka iya maƙalawa ba, saboda yadda ake juya fayil ya zama rubutu kafin a aika yana ƙara masa kusan kashi ɗaya cikin uku. Inda iyakar saƙo gaba ɗaya megabait 25 ce, fayil mai megabait 20 zai kumbura ya kai kusan 27, a dawo da shi. Na biyu, ka duba ko wurin ajiyar imel da na fayiloli da na hotuna rumbu ɗaya ne. Haka yake a Google, inda gigabait 15 na kyauta ake rabawa tsakanin Gmail da Drive da Photos, haka kuma a iCloud mai gigabait 5. Illar ita ce bidiyon da wayarka ta ɗora cikin dare na iya cika rumbun, da safe saƙonni su fara komawa ga masu su.

Daidaitawa kuma kalma ɗaya ce da ke rufe ayyuka biyu mabambanta, kuma gara a auna su daban.

Na farko shi ne kalanda da lambobin mutane. Sunayen da za ka nema su ne CalDAV ga kalanda, CardDAV ga lambobi. Idan hidimar na da su, ba ka ɗaure da manhajarta ba. iPhone da Mac sun san su tun daga masana'anta, manhajar imel ta Thunderbird ma haka. Android bai zo da su ba, sai ka ƙara manhaja irin DAVx5 ta zama gada, kuma dole ka cire ta daga cikin manhajojin da waya ke kashewa don tattalin batir, in ba haka ba za ta yi shiru ta daina aiki kwanaki ba ka sani ba. Tsohuwar Outlook ta Windows ita ma sai da ƙari. Don haka kafin ka biya, rubuta na'urorinka a takarda, ka duba kowacce ta yaya za ta haɗu.

Hatsarin yana rana ta farko. Kafin ka kunna daidaitawa, fitar da lambobinka zuwa fayil ɗin .vcf, kalandarka zuwa .ics, ka ajiye su gefe. Na'ura za ta tambaye ka ko ta haɗe abin da ke cikinta da na saba ko ta maye gurbinsa. Idan ka zaɓi mayewa alhali sabar babu komai, lambobin wayar sun tafi. Idan ka haɗe daga na'urori biyu masu ɗauke da lambobi iri ɗaya, kowane mutum zai fito sau biyu. Hanyar da ta fi tsafta ita ce ka ɗora daga na'ura ɗaya da ka fi yarda da ita, sauran ka share nasu su sauko daga saba. Ka kuma gwada da suna mai ƙ ko ɗ ko ɓ. Tsohon tsarin vCard 2.1 yakan dagula irin waɗannan haruffa su koma alamar tambaya ko wasu baƙaƙe marasa ma'ana. Idan aka ba ka zaɓi, ɗauki 3.0 ko 4.0.

Ga gwajin da ke tona asirin kalanda maras inganci. Ƙirƙiri taron da ke maimaituwa kowace Talata ƙarfe goma. A waya, matsar da na mako mai zuwa kaɗai zuwa ƙarfe sha biyu. A kwamfuta, goge na makon da ke bin sa kaɗai. Jira minti goma ka duba duka biyun. Hidima mai kyau za ta nuna Talata ɗaya da aka matsar, ɗaya da babu, sauran suna nan daram. Mai rauni ko ta dawo da wanda ka goge, ko ta matsar da dukan jerin. Daga nan ka yanke intanet a na'urorin biyu, ka canza lambar mutum ɗaya a kowacce zuwa abu daban, ka mayar da intanet, ka ga wanne ya ci. Galibi na ƙarshe ke ci, ba tare da an sanar da kai ba.

Na biyu shi ne fayiloli, kuma a nan ne rashin fahimta ya fi yawa. Daidaitawa ba ajiyar ko-ta-kwana ba ce. Aikinta ta sa ko'ina ya zama iri ɗaya, don haka idan ka goge folda bisa kuskure, ko wata muguwar manhaja ta kulle fayilolinka, cikin daƙiƙoƙi ɓarnar ta isa kowace na'ura. Abin da ke ceto shi ne kwandon shara da tarihin tsofaffin kwafi. Tambayi kwana nawa suke riƙewa. Kwana 30 shi ne abin da aka saba, kuma ya yi kaɗan ga fayil ɗin da ba ka buɗewa sai shekara-shekara. Tambayi kuma ko ana iya mayar da folda sukutum zuwa yadda take a wata rana, domin dawo da fayil dubu biyu ɗaya bayan ɗaya azaba ce. Duk amsar da suka bayar, ka ci gaba da riƙe kwafi a faifan waje da ba ya jone da kwamfuta koyaushe.

Wasu fayiloli ba sa jituwa da daidaitawa sam: rumbun saƙonnin Outlook, kundin hotuna na manhaja, fayil ɗin manhajar lissafin kuɗi, duk abin da ke buɗe ana rubutu a cikinsa yayin da ake ɗora shi. Suna iya isa saba rabi sabo rabi tsoho. Sunayen fayil ma kan kawo cikas: Windows ba ta yarda da alamomi irin su : da ? da * a suna ba, don haka fayil ɗin da aka sa wa irin wannan suna a wata na'ura zai maƙale a hanya. Idan kana aiki da manyan fayiloli, duba ko manhajar na ɗora ɓangaren da ya canza kaɗai, kamar yadda Dropbox ke yi, ko tana sake ɗora gigabait ɗin gaba ɗaya saboda gyaran layi ɗaya.

Masaukin shafi, a ganina, shi ne ɓangaren da ya fi rauni a yawancin irin waɗannan haɗe-haɗe, kuma shi ne bai kamata ya ja ra'ayinka ba. Ka fara sanin irin shafin da kake so. Idan 'yan shafuka ne na rubutu da hotuna da ba sa canzawa sai ka canza su, fayilolin HTML ne kawai, kuma akwai masu ɗaukarsu kyauta har da naka sunan yankin, irin su GitHub Pages da Cloudflare Pages. Idan WordPress kake so, kana buƙatar PHP da rumbun bayanai na MySQL ko MariaDB, kuma yawancin kamfanonin imel ba sa ba da waɗannan. Abin gudu shi ne manhajar gina shafi ta ja-ka-ajiye wadda ba ta barin ka sauke abin da ka gina. Irin wannan, ranar tashi sai ka sake gini daga tushe. Ka nemi damar ɗora fayil ta SFTP ko WebDAV, ka nemi takardar shaidar tsaro ta HTTPS da ke sabunta kanta, domin ta Let's Encrypt da yawancinsu ke amfani da ita gajeren wa'adi gare ta, kuma burauzar Chrome tun 2018 take yi wa shafi maras ita tambarin rashin tsaro. Ka duba ko za ka iya saita turawa mai lamba 301 daga tsohon adireshi zuwa sabo. Kalmar "babu iyaka" kuwa, ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasanta. Iyakar tana nan, an mayar da ita adadin fayiloli ne ko ƙarfin da shafinka ke ci a saba.

Alƙawarin cewa hidima na aiki kashi 99.9 cikin ɗari na nufin an yarda ta tsaya kusan awa tara a shekara. Kashi 99 kuwa ya fi kwana uku da rabi. Ga imel wannan ba abin tashin hankali ba ne sosai, saboda sabar mai aikawa takan ci gaba da gwadawa har kwana huɗu ko biyar kafin ta haƙura. Ga shafi kuwa, baƙon da ya zo ya tarar da ƙofa rufe ya wuce.

Haɗa uku wuri ɗaya yana da daɗi: kalmar sirri ɗaya, biya ɗaya, wurin kai kuka ɗaya. Amma idan katin bankinka ya ƙare ba ka lura ba, ko aka rufe asusun bisa zargi, imel da fayiloli da shafi rana ɗaya za su tafi. Ka karanta sharuɗɗansu ka ga kwana nawa suke jira bayan biya ya gaza kafin su goge, da kuma ko suna sake ba wani adireshin da aka bari. Yahoo ya taɓa yin haka a 2013 da sunayen da aka daɗe ba a shiga ba, kuma wanda ya gaji adireshi zai iya gadar saƙonnin sake kalmar sirri na tsohon mai shi. Ka tabbatar akwai tabbatarwa ta mataki biyu da manhajar da ke fitar da lamba shida duk daƙiƙa 30, ko mabuɗin tsaro, da kalmar sirri ta daban ga kowace manhajar IMAP, wadda za ka iya sokewa ita kaɗai idan waya ta ɓata. Lambobin ceto da za su ba ka, rubuta su a takarda. Ajiye su cikin rumbun da su ne mabuɗinsa daidai yake da kulle ɗaki da makulli a ciki. Kuma kuɗin da za ka kwatanta shi ne na sabuntawa a shekara ta biyu, tare da na sunan yanki, domin na shekarar farko sau da yawa na jan hankali ne.

Wa ya dace ya biya? Wanda ke son adireshi da sunansa, yana amfani da na'urori daga kamfanoni daban-daban, kuma yana son mutum ya amsa masa idan abu ya lalace. Wanda duk na'urorinsa na kamfani ɗaya ne kuma shafinsa fayiloli biyar ne, wataƙila abin da yake da shi ya ishe shi, sai dai ya ƙara sunan yanki.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka yi amfani da kwanakin gwaji na kyauta da yawancinsu ke bayarwa, ba tare da ka taɓa ainihin imel ɗinka ba. Ƙirƙiri reshe ƙarƙashin sunan yankinka, misali gwaji.sunanka.com, ka ɗaura hidimar a kansa. Yi gwajin PASS uku, gwajin Talata, ɗora shafi ɗaya. Aika wa masu taimakonsu tambaya mai ɗan wuya, misali yadda za ka haɗe SPF ɗinsu da na wani kamfani, ka ga awa nawa suka ɗauka da kuma ko amsar ta taɓa tambayarka. A ranar ƙarshe ka yi kamar za ka tashi: sauke saƙonni, lambobi, kalanda, fayiloli da shafi, ka buɗe su a wata manhaja ka ƙirga.

Idan ta ci jarrabawa, ga yadda ake ƙaura. Idan kana da tsohon MX, kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ka rage TTL ɗinsa, wato tsawon lokacin da sabobi ke riƙe tsohon bayanin, zuwa daƙiƙa 300 don canjin ya bazu da sauri. Kwafe tsofaffin saƙonni da kayan shigo da saƙo na sabon kamfanin, ko da manhajar imapsync, ko ta jan folda daga wannan akwati zuwa wancan a Thunderbird. Canza MX, ka jira yini ɗaya, ka sake kwafewa don kama waɗanda suka faɗa tsohon akwati a tsakani. Mai fitowa daga Gmail ya lura: ta IMAP kowane laƙabi (label) da ka maƙala wa saƙonni folda yake bayyana, saƙon da ke da laƙabi uku zai kwafu sau uku, ga kuma foldar da ke tara dukan saƙonni, don haka ka zaɓi foldar da za a kwafa da hannu in ba ka so akwatin gigabait 6 ya koma 15. Tsohon adireshin na kyauta kada ka rufe shi; sa ya riƙa tura maka saƙo, ka riƙa shiga lokaci-lokaci domin Google na iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa ba, sannan ka bi asusunka ɗaya bayan ɗaya kana canza adireshi, ka fara da banki.